Gwajin Hedfon a Kasuwar Yelwa: A Rage Ƙara Kafin a Biya Kuɗi

A rumfunan da ake sayar da kayan waya a Yelwa, daga bakin tasha zuwa cikin kasuwa, hanya ɗaya ake bi wajen gwada hedfon, wato lasifikar nan da ake ɗorawa a ka ta lulluɓe kunnuwa biyu. Saurayi zai zo da wayarsa, ko 'yar na'urarsa ta MP3 wadda masu tura waƙoƙi suka cika wa memori. Mai rumfa ya zaro hedfon daga kwali, ya jona, ya zaɓo waƙar da ganga ta fi nauyi a cikinta, sannan ya ƙure ƙara. Daƙiƙa ashirin sun isa. Idan kan saurayin ya ɗauki rawa, har na gefensa suna jiyo kiɗan, sai a ce wannan yana da bes, a shiga ciniki. Idan kuwa sautin ya fito a natse, kowane kayan kiɗa yana mazauninsa, sai a ture shi gefe a ce ba shi da ƙarfi.

Wannan gwaji ya zama ruwan dare a Yelwa da Wara da Shanga, kamar yadda yake a Kano da Sakkwato, kuma gwaji ne da ke zaɓo wa mai saye mafi munin abin da ke cikin rumfar. Hedfon mai kyau, ko da mai araha ne, shi ne wanda ke isar da kaurin kiɗa ga kunne alhali ƙarar tana ƙasa. Wanda ba ya nuna bajintarsa sai an ƙure shi ya riga ya faɗi jarrabawa, kuma wanda ya saye shi zai biya kuɗi sau biyu: na farko da naira a gaban mai rumfa, na biyu da jinsa bayan wasu shekaru.

Abin da ake kira bes

Sauti girgiza ce da ke tafiya a cikin iska, kuma ana auna ta da yawan kaɗawa a kowace daƙiƙa, ma'aunin da ake kira hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000. Abin da ake kira bes shi ne ɓangaren ƙasa na wannan zango, daga 20 zuwa wajen 250: rugugin tambari a ƙofar fada, kaurin ganga, da dukan nan mai nauyi da amapiano ta Afirka ta Kudu ta yayata har ya shiga waƙoƙin Legas da na Kano. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes tana kaɗawa sau 41 ne kawai a daƙiƙa.

Son wannan sauti ba aibi ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Al'ummar da ta girma da tambura da ganguna, wadda ke cika bakin ruwa da kiɗa ranar Rigata a Yauri, ba ta bukatar wani ya koya mata daɗin kiɗa mai nauyi. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman na Amurka, daga wajen 2013, ya nuna cewa mafi yawan masu sauraro, ƙwararru da waɗanda ba ƙwararru ba, sun fi son hedfon da aka ɗan ɗaga wa bes. Saboda haka saurayin da ke neman bes yana kan gaskiyarsa. Matsalar ita ce abin da ake miƙa masa da wannan suna.

Fitar da sautin da ke ƙasa da kaɗawa 60 aiki ne mai wuya. Yana bukatar lasifika mai iya tura iska da yawa ba tare da ta gurɓata sautin ba, da kuma matashi mai rufe kunne ruf. Masu ƙera kayan jabu sun san wannan, sai suka ɗauki gajeriyar hanya: su kumbura sautin da ke tsakanin kaɗawa 100 da 250, inda kowace lasifika mai arha ke iya ruri. Sakamakon shi ne wani gunji mai cika kai wanda ke burge mutum a minti na farko. Amma ɗabi'ar kunne ce sauti mai kauri ya danne na samansa, don haka gunjin nan sai ya binne muryar mawaƙi. Duk wanda ya saka waƙar Mamman Shata a irin wannan hedfon zai ji kalangu ya koma tamkar ana dukan jarka a cikin rijiya. Alhali kalangu magana yake yi, hawa da saukar muryarsa su ne ma'anarsa. Idan aka kasa jin kalmomin waƙar, me mai sauraro zai yi? Zai ƙara ƙara. Daga nan ne ɓarnar ke somawa.

Dalilin da ya sa ƙure ƙara ke yaudara

A shekarar 1933 wasu masana biyu na ɗakin binciken Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka wallafa sakamakon gwajin da har yau ake jingina da shi. Sun gano cewa kunnen ɗan Adam bai daidaita sautuka a ma'auni ɗaya ba. Ya fi kaifi a tsakanin kaɗawa 2,000 da 5,000, ya kuma fi rauni a can ƙasa. Kafin kunne ya soma jin sauti mai kaɗawa 50, sai ƙarfinsa ya ɗara na mai kaɗawa 1,000 da kusan desibel 40. Amma wannan tazara tana raguwa yayin da ƙara ke hawa. Ma'ana, kowace irin lasifika, komai lalacewarta, idan aka ƙure ta sai a ji kamar bes ya ƙaru.

Wannan shi ne sirrin gwajin rumfa. Ƙure ƙara yana rufa wa mugun kaya asiri. Mai rumfar ma sau da yawa bai san ilimin da ke ƙarƙashin dabarar ba. Abin da ya sani shi ne ta fi saurin sa a zaro kuɗi. Masu harkar sauti sun daɗe da sanin cewa idan aka jiyar da mutum lasifika biyu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya ƙara, galibi mai ƙarar zai ce ta fi daɗi, ko da iri ɗaya ne.

Illar kuwa ita ce ba bes kaɗai ke hawa ba idan an murɗa ƙara. Komai ne ke hawa tare, har da siraran sautukan da suka fi saurin lahanta kunne. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, waɗanda ke juya girgiza ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Likitocin kunne sun san tabon da ƙara ke bari: jin mutum yakan soma faɗuwa a wajajen kaɗawa 4,000, kusa da inda baƙaƙe irin su s da sh da ts da f suke. Mai wannan lalura ba ya kurmancewa dare ɗaya. Yana jin ana magana, amma sara da shara da tsara da fara sun soma cakuɗe masa, musamman a cikin hayaniyar kasuwa ko a ɗakin taro. Sai a riƙa cewa ba ya mai da hankali, ko girman kai ne ke damunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa sama da biliyan ɗaya, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron kiɗa. A shekarar 2019 ita da Hukumar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ƙa'ida: babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da fargaba ba. A desibel 90 lokacin ya koma awa 4. A desibel 100, wanda wayoyi da na'urori da yawa ke kaiwa idan an ƙure su, abin da ya rage minti 20 ne kacal a mako guda. Ɗalibin da ya hau mota daga Yelwa zuwa Kontagora da hedfon a ƙure ya cinye rabon makonni da yawa kafin ya sauka.

Masu cewa araha ba ta ado

Akwai wani rukuni na ma'aikata da 'yan boko da ke da amsa a shirye: ai araha ba ta ado, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, a tara kuɗi a sayi mai suna. Wannan magana tana da daɗin faɗa ga mai albashi, amma ba ta tsinana wa ɗan masunci a Ngaski komai, kuma ba gaskiya ba ce gaba ɗayanta.

Da farko, tsada ba ta tabbatar da sauti mai kyau. Tun da hedfon ɗin Beats ya fito a 2008, har kamfanin Apple ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 3, hedfon ya zama kayan ado kamar agogo da takalmi, kuma wani kaso na farashinsa kuɗin suna ne. Na biyu, sunan da ya fi tsada shi ne aka fi kwaikwayo. Idan aka ga tambarin wani shahararren kamfani a kan hedfon da ake sayarwa a farashin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na na asali ba, babu bukatar dogon bincike. Wanda ya sayi irin wannan ya bar kaya mai araha na gaskiya, wanda kamfaninsa ya sa sunansa a kai ya kuma yi alkawarin canji, ya ɗauki kayan da ba shi da uba. Ƙaramin kamfani mai amsa sunansa ya fi babban suna na sata.

Na uku, wani hedfon mai tsada ma ba na waya ba ne. Wasu daga cikin waɗanda aka ƙera don ɗakin naɗar waƙa suna da turjiya ga wutar lantarki mai yawa, om 250 ko 300, kuma suna bukatar na'urar ƙara ƙarfi ta daban. Idan aka jona su da ƙaramar MP3 sai sautin ya fito a raunane. Abin da ya dace da waya ko na'urar aljihu shi ne mai om 16 zuwa 32, ko abin da ya ɗan ɗara haka, wanda kuma ke ba da desibel 95 zuwa 100 da 'yar wuta kaɗan. Waɗannan lambobi biyu su ne masu amfani a jikin kwali.

Sauran abin da aka rubuta da manyan haruffa kuwa talla ce. Kusan kowane kwali yana ɗauke da “20Hz–20kHz”, wanda ba ya nufin komai muddin ba a faɗi da wane ƙarfi sautin ke fita a kowane mataki ba. “Super Bass” ba ma'auni ba ne, babu hukumar da ke tantance shi. Faɗin lasifika, milimita 40 ko 50, shi ma ba shaida ba ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin da ya kamata a duba

Abu mafi muhimmanci a hedfon mai lulluɓe kunne shi ne matashinsa, wanda kusan babu mai kallonsa a rumfa. Kaurin sauti ya dogara ne da iskar da ke kulle tsakanin lasifika da kunne. Da zarar an sami 'yar kafa, bes ya zurare. Ƙafar tabarau mai kauri, bakin hula, ƙullin ɗankwali ko hijabi mai nauyi duk suna iya buɗe wannan kafa. Don haka mai saye ya gwada shi a shigar da ya saba yi, ya ɗan danna kofunan biyu da tafin hannu. Idan bes ya ƙaru sosai da dannawar, to hedfon ɗin bai zauna a kansa ba, kuma zai ƙare yana cike giɓin da ƙara.

Matashi mai rufewa da kyau yana da wata fa'ida ta biyu, wato tare hayaniyar waje. Mutum yakan ɗaga kiɗansa ne sama da ƙarar da ke kewaye da shi, ta janareta ce, ta injin niƙa ce, ko ta injin jirgin ruwa a mashigar Zamare. Hedfon mai rufaffen baya yana rage wannan hayaniya, ko da yake ya fi iya tare siraran sautuka a kan rugugin inji. Duk abin da ya rage riba ce, domin a ma'aunin desibel ragin 3 kacal yana ninka lokacin da kunne zai iya jurewa.

Sai yanayin ƙasa. Zafin bazara da laimar bakin tafkin Kainji ba sa raga wa fatar roba. Gumi yana sa ta tsattsage ta riƙa ɓarewa, soson ciki ya kwanta. Hedfon da ake iya cire matashinsa a sa wani ya fi wanda aka manne da gam. Haka ma wayarsa: mafi yawan hedfon daga wuyan abin jonawa suke mutuwa, don haka wanda ake iya zare wa waya a canza ya fi tsawon rai.

Batun Bluetooth kuwa yana bukatar lissafi. Kuɗin hedfon marar waya ya rabu ne tsakanin batir da na'urar sadarwa da lasifika, alhali na mai waya kusan duka a sauti ya tafi. Madatsar Kainji tana samar da wuta tun 1968, amma mazauna gaɓar tafkin sun san cewa maƙwabtaka da madatsa ba ta hana kai waya wurin masu caji. Ƙara wani abin da ke jiran caji ba dabara ba ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Wanda ya ga dole sai marar waya, ya nemi wanda ke da ramin jona waya idan batir ya mutu.

Sannan a tuna cewa hedfon ba ya gyara waƙar da ta lalace. Fayil ɗin da aka matse shi don memori ya ɗauki dubbai, aka tura daga waya zuwa waya, ya riga ya rasa wani abu. Kuma manhajar daidaita sauti da ke cikin yawancin wayoyi tana iya ɗaga bes kaɗan ba tare da an taɓa sauran ba, kyauta.

Gwajin gaskiya, ke nan, mai sauƙi ne. Mai saye ya zo da waƙoƙi biyu da ya sani sarai, ɗaya ta zamani mai nauyin kiɗa, ɗaya mai yawan magana kamar ta Ɗanƙwairo ko wani karatu. Ya riƙe na'urar a hannunsa, ya ajiye ƙarar a ƙasa da rabi. Idan a haka ya ji dukan ganga daban, muryar mawaƙi daban, kowace kalma a fili, ya sami abin da yake nema. Idan sai ya wuce kashi 60 cikin ɗari, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kada a ƙetare, kafin kiɗan ya yi armashi, ya mayar da shi kwali.

Inda nauyin yake

Wasu za su ce a ƙasar da ake fama da tsadar abinci da rashin tsaro, batun hedfon wasa ne. Wasu kuma, musamman iyaye, suna ganin maganin shi ne a ƙwace shi baki ɗaya. Duka biyun sun kauce. Tun da Sony ya fitar da Walkman a 1979 babu ƙasar da ta iya raba matasanta da kiɗan kunne, kuma hedfon ɗin da ake jin waƙa da shi, da shi ake jin tafsiri da darasi da labarai. Hani ba zai yi aiki ba. Raina batun kuwa ya fi haɗari, domin kurumtar da ƙara ke jawowa ba ta da magani, sai dai na'urar taimaka wa ji wadda kuɗinta ya ninka na hedfon sau da yawa. Mutumin Shanga da kunnensa ya soma ƙugi ba dare ba rana, kafin ya ga ƙwararre sai ya kama hanyar Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Malami ko lauya ko ma'aikacin jinya da ke ganin abin bai shafe shi ba, ya duba kan 'ya'yansa da yamma.

A Tarayyar Turai, tun 2013 ƙa'ida ta tanadi cewa na'urar kiɗa ta aljihu ta tsaya a desibel 85 sai mai ita ya amince da gargaɗi, kuma kada ta wuce 100. Wannan ne asalin saƙon da ke fitowa a wasu wayoyi idan an ɗaga ƙara, wanda ake sharewa ba tare da an karanta ba, domin da Turanci yake, kuma ba wanda ya taɓa bayyana ma'anarsa. A Nijeriya akwai hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, da shirinta na tantance kayan da ake shigowa da su, akwai kuma hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa don kare masu saye. Bai fi ƙarfinsu ba su wajabta a rubuta iyakar ƙarar kowane hedfon a jikin kwalinsa, su kuma bi sawun masu tambarin sata tun daga tashar jiragen ruwa, maimakon a bar ɗan rumfar Yelwa, wanda shi ma sarowa ya yi daga Kano ko Legas, da ɗaukar laifin shi kaɗai.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran Abuja. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, kuma minti goma a taron safe na makarantun sakandaren Yauri da Ngaski da Shanga sun isa a bayyana wa ɗalibai lissafin awa 40 da minti 20. Gidajen rediyo za su iya faɗarsa da Hausa. Ƙungiyoyin masu sayar da kayan waya za su iya sauya al'adar gwaji, kuma su ne za su ci riba, domin wanda ya sayi kayan da ya daɗe a hannunsa shi ne ke dawowa da abokansa. 'Yan kabu-kabu kuma a gaya musu ƙarara cewa hedfon mai toshe hayaniya ba na kan babur ba ne, musamman a babbar hanyar da ta ratsa Yelwa, inda tireloli ke wucewa dare da rana.

Hausawa sun ce idan ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. A wannan ciniki gangar da ke fashewa tana cikin kan mai saye, kuma babu rumfar da ake sayar da madadinta. Saurayin da zai shiga kasuwar Yelwa gobe ya karɓi na'urarsa daga hannun mai rumfa, ya mayar da ƙarar ƙasa da rabi, sannan ya saurara.